Allurar da Ta Ƙi Sauka

Hancina ne ya fara sanin motar nan ba lafiya, kuma a shekarar babu wanda yake ɗaukar hancina a bakin komai a gidanmu. Ina da ciki wata bakwai. Tun watan farko nake mitar wari, daga na daddawa zuwa na sabulun wanki, har hular maigidana ba ta tsira ba. Saboda haka ranar da na ce ina jin warin fetur, surukata ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Ke dai da hancin nan naki! Allah ya sauke ki lafiya mu ma mu huta."

Maigidana malamin gona ne a aikin noman rani, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bunkure da Kura. Shi yake zagayawa yana nuna wa manoma yadda ake feshin tumatir da alkama, kuma shekarun da ya yi goye da tankin feshi, ba ko ƙyalle a fuska, sun kashe masa hanci murus. Ko miya ce ta ƙone sai dai ya ga hayaƙi. Abin da ya rasa a hanci sai ya mayar a kan lamba. Mutum ne da in allon awon ruwa na bakin kanal, magudanar ban-ruwan nan, ya ce ruwa ya kai kaza, to ya kai, ko da kuwa idonka yana ganin laka.

Motar tsohuwa ce, ƙirar kunkuru, injinta a baya, tankin mai a gaba, daidai saitin gwiwar mai tuƙi. Ya saye ta a hannun ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka haƙa babban kanal, lokacin da mutumin zai tafi, kuma tun a lokacin ta riga ta ga duniya. Gejinta na mai, allurar da ke nuna yawansa, bai taɓa aiki a hannunmu ba. In zai yi tafiya sai ya ɗaga murfin gaba, ya buɗe tanki, ya zura wani kara da ya yi wa tsaga-tsaga, ya duba inda ya jiƙe.

Rana ɗaya ce bai zura karan ba. Shekara biyu kafin abin da nake ba da labari, naƙudar cikina na fari ta yi tsawo, ungozoma ta ce a tafi asibiti Kano. Cikin ruɗewa ya tayar da mota muka kama hanya. Ba mu kai ga kwalta ba ta yi tari sau biyu ta mutu, a kan hanyar bakin kanal, rana tsaka, babu gida kusa. Ina kwance a baya ina ganinsa ta taga yana gudu da galan a hannu, babbar riga tana harɗe masa ƙafa. Kafin ya dawo an gama komai. Namiji ne, kuma ban ji kukansa ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, ni ma haka na ce, kuma har zuciyata. Shi kaɗai ne bai taɓa faɗa ba, kuma daga ranar ya daina cin abinci da rana har kusan wata uku.

Da wannan cikin ya fito, sai ya ce ba zai ƙara dogara da kara ba. Ya shiga Kano kasuwar kayan mota, ya dawo da wani abu naɗe a takarda. Fulota ake ce masa: faifan ƙarfe ne kamar murfin gwangwani, da 'yar sandar waya a ƙarƙashinsa, a bakin wayar kuma da wani ɗan kurtu mai iyo a kan mai. In mai ya cika kurtun ya taso, in ya ragu ya sauka, allurar da ke gaban direba kuma ta bi shi. A saman tanki ake ɗaure shi, a kan wani rami da aka yi dominsa.

Wanda ya zo ɗaurawa abokinsa ne tun na ƙuruciya, bakaniken da ke gyara wa duk yankinmu injin ban-ruwa da famfon feshi. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma akwai surutu, kuma a duniya bai yarda da komai ba kamar robar tiyub ɗin taya. Tiyon ruwa ya tsage, roba. Bakin famfo yana yoyo, roba. Kullum da tsummokaranta rataye a wuyansa kamar mai tallar su.

Motar tana kwana a wata rumfar kara a ƙofar gida, kuma tsakaninta da madafina zana ɗaya ce. Ta ramin zanar na kalli aikin tun daga farko. Suka ɗaga murfin gaba, suka kwance sukurori biyar, suka zaro tsohuwar fulotar duk ta yi tsatsa. A ƙarƙashinta akwai wani zobe mai ruwan ƙasa, shi ne yake toshe tsakanin faifan da tanki. Da bakaniken ya taɓa shi sai ya marmashe a hannunsa. Suka zazzage takardar sabuwar, babu zobe a ciki.

Maigidana ya ce, "To, sai na koma Kano ke nan."

Bakaniken ya ce, "Kano? A kan wannan ɗan abin? Haba, Malam, ka raina ni."

Ya shimfiɗa tiyub a kan dutse, ya ɗora faifan, ya zagaye shi da reza. Ya huda ramuka biyar da ƙusa. Ramin tsakiya kuwa, inda sandar wayar za ta wuce, ya yanke shi ɗan ƙarami, ya ce don ya kama sosai. Ya zura kurtun a hankali, ya daidaita faifan, ya bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya yana matsewa har jijiyar wuyansa ta tashi, robar ta fito ta gefe kamar leɓe.

Ban saba sa baki a zancen maza ba, amma na kasa haƙuri. Na taɓa toshe kwalbar kananzir da guntun irin wannan robar, bayan 'yan kwanaki na same ta ta kumbura ta yi laushi. Na yi gyaran murya daga bayan zana na ce, "Sannunku da aiki. Wai ni kam, roba da fetur suna shiri kuwa?"

Bakaniken ya ƙyalƙyale da dariya. Shekarata huɗu a gidan amma bai daina ce mini amarya ba. Ya ce, "Amarya, robar nan ruwan dam ɗin Tiga ma ta riƙe, balle ɗan man mota. Tsaya ki gani." Ya ɗauko buta ya kwarara ruwa a kan faifan, ya kafa baki a wuyan tanki ya hura har idonsa ya yi ja. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Ya ce, "Kin gani? Ko ɗigo." Haka yake gwada kowane tiyo da ya ɗaure, kuma bai taɓa jin kunya ba. Suka haɗa waya, maigidana ya murɗa makulli, allurar ta ɗan motsa. Na ga fuskarsa a lokacin, rabon da in ga ya yi irin wannan murmushin na manta. Ya ɗauki karan awon ya karya a gwiwa, ya miƙo mini ta saman zana ya ce in sa a murhu.

Lokacin nan ne soja suka dawo mulki, ana layin komai, har sabulu da madara. Kwana biyu ya yi yana zarya gidan mai a kan hanyar Zariya kafin ya samu. Ya sa aka cika tankin har wuya, ya dawo ya ajiye motar a rumfa, ya ce daga yau ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ba ta ɗaukar buhun kowa, tana nan tana jiran ranar. Ya koma hawa kekensa.

Kwana huɗu ko biyar babu komai. A na shida na fara ji. Bazara ta shigo, zafi yana tashi tun hantsi, kuma na lura warin yana bin rana: da safe kaɗan ne, kafin azahar ya cika madafin. Ina durƙushe ina fifita wuta, iska ta shigo ta zana da shi, in ji bayan wuyana ya yi sanyi. Taku shida ne daga murhuna zuwa hancin motar, na auna da ƙafata. Na gaya wa surukata, kun ji abin da ta ce. Na gaya wa maigidana, ya fita ya zagaya motar yana shaƙar iska da hancin da ba ya jin komai, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe. Ya ce, "Babu yoyo. Laulayi ne, ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a taɓa mayar da ni mahaukaciya cikin ladabi irin na wannan lokacin ba. Na kwashe duwatsun murhu na mayar da su can ƙarshen tsakar gida, surukata ta ce na ɓata mata wurin shanya, aka mayar da su inda suke. Na shiga yayyafa wa zanar ruwa kafin in hura wuta. Tartsatsi ɗaya in ya tashi sai in bi shi da ido har ya mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba madafin ba ne. Tunanin ranar nake yi, a rufe ni a kujerar baya da ciki, a murɗa makulli, wayoyin nan duka suna wuri ɗaya da tankin.

Wata Juma'a ya canza riga zai tafi masallaci Kura, ya bar makullin a aljihun wadda ya cire. Surukata ta tafi barka a wata unguwa. Na daɗe tsaye da makullin a hannu. Sannan na leƙa waje, babu kowa, na buɗe motar na ja ƙarfen da ke sakin murfin gaba kamar yadda na ga yana yi.

Warin da ya bugo ni sai da na dafa. Saman tankin duk ya jiƙe, mai ya kwanta a kowane lungu yana ƙyalli, tabarmar kwalin da ke rufe wayoyi ta sha ta yi baƙi. Bai ɗiga ƙasa ba ne kawai saboda zafi yana shanye shi kafin ya kai. Robar kuwa ta kumbura ta ninka kaurinta, na taɓa ta da yatsa ta lotsa kamar ƙullun da ya kwana.

A nan ya kamata in rufe in jira shi ya dawo in nuna masa. Na sani, kuma na sha gaya wa kaina. Amma na san abin da zai biyo baya: a kira bakaniken, ya yanko wata robar, ya gwada da buta, a ce amarya ta cika tsoro. Ni kuwa abin da idona ya nuna mini shi ne daga sama man yake fita, don ya cika har ya taɓo faifan. In ya sauka ba zai kai wurin ba.

Ina yarinya na sha kai wa mahaifina abinci gona, kuma tun ina shekara tara na iya tayar da bututun da ake zuƙo ruwa da shi daga ƙaramin kanal zuwa kunya: ka nutsa baki ɗaya, ka toshe ɗayan da tafin hannu, ka yi ta fizga har ruwa ya biyo. Na ciro tiyon tankin feshinsa, na ɗauko garwa, na yi yadda na saba da babban yatsa. Sau uku ya ƙi, a na huɗu ya taho. Niyyata in rage kaɗan. Garwa ta cika, na kalli faifan nan mai jiƙe, tsoro ya ce ƙara. Na kawo bokitin wanka shi ma ya kusa cika. Sai da na ji tiyon ya fara shan iska ta inda ya lanƙwashe na zare shi, ban kuma san nawa na bari ba. Na goge tankin da tsumma, na rufe, na je bayan gida na yi amai har na ga duhu-duhu.

Ba zan iya ajiye man a gida ba. Bayan katangarmu akwai wata mata 'yar Filato mai injin niƙa, mutuniyata ce, ita take kawo mini ɗanyar citta in zuciyata tana tashi. Na kira ta ta kan katanga na miƙa mata. Ta kalli garwar ta kalle ni ta ce, "Maman gida, lafiya? Oga ya sani?" Na ce ta ɗauka kawai, kada ta tambaye ni. Cikin mako biyu man da aka tanada don kai ni asibiti ya niƙa dawar rabin ƙauyen.

Lissafina shi ne gobe da safe zai murɗa makulli ya ga allura ta sauka, ya yi faɗa, in faɗi gaskiya, a yi ta ta ƙare. Na kwana da shirin amsa. Da gari ya waye ya fita ɗumama inji kamar kullum, ina tsaye a bakin zaure. Ya murɗa. Ya leƙo ta taga da fara'a ya ce, "A cike take tam."

Na matsa na leƙa da kaina. Allurar tana can ƙarshe, ta jingina da alamar cikawa. Daga baya ne aka gane dalili: robar da ta kumbura ta cikin ramin nan da aka yanke ƙarami ta cafke sandar wayar a sama, kurtun yana rataye a iska, mai ya tafi ya bar shi. Amma a ranar ban san wannan ba. Na dai ga na kwashe fiye da rabin tanki da hannuna, allura kuma ta ce ban taɓa komai ba.

Warin ya ragu sosai. Surukata ta ce, "Kin ga, dama na ce zai wuce." Na samu abin da nake so, kuma ban ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Kowace safiya yana tayar da injin ya bar shi yana ruri kamar minti goma, wai kada batir ya kwanta. Ranar Juma'a kuma ya kai ta bakin kanal ya dawo, don tayoyi. Ina madafi ina jin rurin nan, na san abin da yake ci. Makullin kuma bai ƙara barinsa ba, ya sa masa igiya ya rataya a wuya, ya ce kada ranar ta zo ana neman makulli. Na gwada ta gefe. Na ce, "Malam, allurar nan ba ta gajiya? Kullum ana tayar da mota amma tana wuri ɗaya." Ya ce ya tambayi abokinsa, ya ce irin waɗannan motocin haka suke, rabin sama yana daɗewa bai sauka ba. Ya ƙara da cewa, "Ki kwantar da hankalinki. Wannan karon na yi shiri."

Sau ɗaya na kusa faɗa. Ya dawo daga gona da la'asar, na kawo masa ruwa, na durƙusa na ce ina da magana. Ya ajiye kofin ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa ta canza, ya ce, "Ciwon ne? In tayar da mota?" Hannunsa har ya kai kan igiyar wuyansa. Na kalli hannun. Mutumin nan shekara biyu yana ɗauke da tankin da babu mai a ransa, ni kuma zan buɗe baki in ce na maimaita masa shi da gangan. In kuma na faɗa, zai je ya sake cika shi har wuya, warin ya dawo. Na ce ba komai, dama gishiri ne ya ƙare.

Haka na yi sati shida. Ina jin yaron yana juyi a cikina, ina jin inji yana ruri a waje. Na rame, aka ce cikin ne. An fara girbin alkama, manoma suna cinna wa karan wuta don su shirya gona, kullum da rana sararin yamma da mu a murtuke da hayaƙi.

Ranar ta zo da hantsi, ina shara. Kafin a kira shi daga gona faya ta fashe. Bai tsaya jiran ungozoma ba. Aka shimfiɗa mini zani a kujerar baya, surukata ta shiga ta ɗora kaina a cinyarta, ya murɗa makulli, ya kalli allura, ya ce bismillah. Daga inda nake kwance ina hangen ta tsakanin kujeru, tana nan inda take.

A garinmu mace ba ta kuka a naƙuda, balle a gaban uwar miji. Na cije gefen mayafina. Surukata tana shafa mini goshi tana cewa, "Sannu, yarinyar kirki, akwai dauriya." Ba ta san ba ciwon nake saurare ba, injin nake saurare. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar sautinsa ya canza. A wani wuri wutar karan alkama ta ci har bakin hanya, hayaƙi ya rufe gaba, baƙar toka mai jan baki tana sauka a kan murfin motar. Ya ɗaga gilashi ya kutsa. Na rufe ido har muka fita.

Sai muka zo wurin da ta mutu mana a wancan karon. Ban ga waje ba, amma na gane, don ya yi shiru da addu'ar da yake yi, ya ƙara wuta. Motar ta wuce. Na ji ya sauke numfashi.

Tayoyi suka hau kwalta a Kura. Na san a bakin mahaɗar akwai 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu jere a kan benci, kuma daga nan babu tabbacin wani mai sai Kano. Na ɗaga kai na ga rumfarsu tana tahowa. Bai rage gudu ba, me zai tsaya yi? Na buɗe baki in ce Malam, ciwo ya turnuƙe ni, muryar ba ta fita ba. Rumfar ta zo daidai taga ta fara wucewa.

Sai na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa fita daga bakina ba ko a bayan idonsa, na ƙwala shi da duk ƙarfina a kan cinyar mahaifiyarsa. Ya taka birki har muka zame. Surukata ta saki salati ta janye hannunta daga goshina.

Na ce, "Babu mai. Allurar ƙarya take yi. Ni na kwashe, tun sati shida."

Ya juyo ya dube ni. Ya fita ya ɗaga murfin gaba, ya zaro tsinke daga rumfar masu man ya zura. Na ga ya ɗago shi ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Iyakar abin da ya jiƙe bai kai gaɓar yatsa ba. Ya sa hannu ya taɓa robar, ta biyo yatsunsa baƙa ƙirin, tana naso. Mai man ya matso da mazurari yana tambaya ko a cika. Ya ce, "Galan biyu. Kada ya kai sama."

Muka kama hanyar Kano. Surukata ta mayar da hannunta kan goshina, amma ba ta ƙara cewa sannu ba.

A ƙofar ɗakin haihuwa, ma'aikaciya ta riƙe ni ta gefe ɗaya, shi ta ɗayan. Kafin ya sake ni ya sunkuyo daidai kunnena, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu faɗa a cikinta ko kaɗan. Ya ce, "Da motar ta mutu mana a hanya, za ki bar ni in ɗauka ni ne kuma?"

Aka ja ni ciki kafin in ce wani abu. Kafin magariba na haifi 'ya mace, da ranta da lafiyarta, tana tsala kuka. Yau ita ma tana da jikoki.

Bai sake yi mini tambayar ba. Mun yi shekara talatin da ɗoriya bayan nan, bai taɓa goranta mini ba, ko da wasa, ni kuma ban taɓa amsa masa ba har ya koma ga Allah. Na daɗe ina gaya wa kaina ai na yi magana a Kura, wannan ya isa amsa. Amma ba Kura ya tambaye ni ba. Hanyar bakin kanal yake nufi, inda babu rumfar kowa, inda na yi shiru ina cije da mayafi. Na san kaina a ranar, kuma na san irin tsoron da nake ciki. Da motar ta mutu a wurin, da na bar shi ya ɗauka shi ne.